Na Je Sallah Sakkwato, Na Dawo da Basillar Baba

Shekara uku da wata tara rabona da Sakkwato kafin wannan tafiya. Na fita a Satumban 2021 da takardar aikin jinya a wani asibiti a Birmingham, bayan shekara ɗaya iyalina suka same ni. Amma ga wanda ya san gidanmu, ni ɗan dukawa ne daga Shiyar Madunka, na iya riƙe basilla tun ban iya riƙe alƙalami ba. Abin da ya tayar da ni saƙon murya ne daga yayana, bai cika minti ɗaya ba. Ya ce idon Baba ya yi rauni, ba ya ganin ramin ɗinki, kuma an ce a tambaye ni: ina da niyyar dawowa in karɓi rumfa, ko a ba wani mai sayar da kayan waya haya? Shi Yaya tun muna yara ɗinki bai karɓe shi ba, dillancin ɗanyar fata yake yi. Na nemi hutun mako biyu, na ce wa maiɗakina zan je gida Babbar Sallah. Ta dube ni ta ce, "Sallah kawai?" Na yi kamar ina neman fasfo.

Daren Litinin 2 ga Yunin 2025 na tashi daga Heathrow, da asuba muna Abuja. Na riga na biya kuɗin jirgin Sakkwato na wannan rana, sai aka ɗaga shi daga safe zuwa azahar, daga azahar aka ce an soke, wanda ke son kuɗinsa ya cike takarda ya jira. Sallah saura kwana uku, kujerun gobe da jibi duk an kama. Yaya ya kira ya ce in zauna a Abuja har a samu jirgi ko da bayan Sallah ne. Na ce to, na kashe waya, na ja akwatina na nufi tashar jirgin ƙasa ta Idu.

Tikitin bai kai naira dubu goma ba. Da na juya shi zuwa fam a raina sai na ga bai kai kuɗin abincin rana ɗaya a kantin asibitinmu ba, domin a lokacin fam ɗaya ya haura naira dubu biyu. Wannan lissafi mugun ciwo ne, duk wanda ya zauna waje ya san shi. Sai ka ga komai arha, alhali wanda ke zaune kusa da kai gumi ya yi kafin ya haɗa kuɗin. Jirgin na tafiya ina kallon daji ta taga, ina tuna daren 28 ga Maris 2022 da aka kai wa jirgin wannan hanya hari. Ina kan aikin dare a lokacin, a ɗakin shan shayi na ga labarin a waya, na gode wa Allah da ba na nan, sannan na ji kunyar godiyar. Yanzu ga ni a ciki, jami'an tsaro na kai da kawowa tsakanin taragu, yara na cin gyaɗa, wani na musu da abokinsa a kan kuɗin rago.

Daga Rigasa Keke Napep ya kai ni Kawo. Na kwana a wani ƙaramin masauki kusa da tasha, naira dubu ashirin da biyar, aka kashe janareta ƙarfe goma sha biyu, sauro suka karɓi aiki. Abin da ya wanke mini wannan dare shi ne mai shayin bakin titi da asuba: shayi mai kauri, burodi, ƙwai uku da albasa da attaruhu. Ya tambaye ni ina zuwa, na ce Sakkwato, ya ce, "Allah Ya tsare hanya," da irin muryar da ba ta gaisuwa kawai ba ce.

Motar haya Sharon na samu, naira dubu ashirin da biyu, na ƙara dubu uku na akwati. Mun tashi bakwai da rabi. Direba ya ce ba ya fita da duku-duku, ba ya kuma yarda magariba ta same shi tsakanin Funtuwa da Mafara, ko nawa za a ba shi. Kaduna zuwa Zariya zuwa Funtuwa babu abin faɗi sai aikin titi da manyan motoci cike da raguna suna gangarawa kudu.

Wanda ke gefena dattijo ne mutumin wajen Gwadabawa, albasa yake sayarwa a Mile 12 a Legas. Tun da ya ji harshena ya gane gida ɗaya muke, da ya ga akwatina kuma ya gane sauran. Ya tambayi aikina, ya tambayi albashi ba tare da kunya ba, na kauce. Ya yi dariya ya ce, "To ai kai ma ɗan cin rani na. Raninka na yay yi tsawo." Na ce haka ne. Ya ce, "Mu dai da mun ga hadari ya taso muka komawa gida mu yi shuka. Kai wane hadari kaka jira?" Mota ta yi dariya, ni ma na yi. Amma har muka wuce 'Yankara ina juya maganar. Kakanninmu sun san cin rani, kuma dokarsa ɗaya ce: ka tafi da rani, ka dawo da damina, gona na jiranka. Ba su san irin namu ba, wanda ake tafiya da mata da 'ya'ya, a sa yara makaranta, a kama haya, a fara ƙirga shekarun samun takardar zama.

Kafin Tsafe muka tarar da motoci sun yi layi a wani shinge. Aka ce a dakata, an ga motsi a gaba da safe, sai an duba hanya. Mun yi kusan minti arba'in a rana. Babu wanda ya yi ƙorafi, wannan ya ba ni mamaki, domin a Ingila in bas ta yi lattin minti goma sai ka ji ana tsaki. Mata masu tallar dafaffen ƙwai da ruwan leda suka kewaye mu, alamar tsayuwar ta zama ta kullum har ta haifi kasuwa. Da aka buɗe, motoci suka tashi a jere, kowa na bin ƙurar na gaba. Direba ya kashe waƙa. Wata tsohuwa a baya ta kama "Hasbunallahu wa ni'imal wakil", muka karɓa ƙasa-ƙasa. Na ga gonaki a bakin hanya an yi musu sharar damina, na ga wasu can ciki da ciyawar bara ke tsaye ba a taɓa ba. Dattijon albasa ya nuna mini da haɓa, bai ce komai ba. Sai da dutsen Kwatarkwashi ya bayyana direba ya sauke numfashi ya mayar da waƙarsa.

Na fara ƙirga shingaye daga Funtuwa, na bari a na goma sha bakwai. Akwai na sojoji, na 'yan sanda, akwai na Askarawan Zamfara da aka ƙaddamar a farkon 2024, wasunsu yara ne matasa da bindigogi da layu a damtse. A wasu wuraren ɗaga hannu kawai ake yi a wuce. A wasu kuwa direba kan miƙa hannu a dunƙule ya dawo da shi a buɗe. Wuri ɗaya wani mai kaki ya sa na sauke akwati, ya ga na'urar awon hawan jini da na sayo wa Baba, ya nemi in auna shi. Na auna shi a bakin titi, jininsa ya hau sosai. Na ce ya je asibiti, ya ce, "Wa zai tsaya a nan?" Ya rufe mini akwatin da hannunsa.

A Gusau muka yi azahar, na ci tuwon shinkafa da miyar kuka da nama biyu, dubu biyu da ɗari biyar. Bungudu, Maru, Talata Mafara, Lambar Tureta, duk na wuce su tsakanin barci da farkawa. Daga Dange na wartsake. Ƙasa ta buɗe, jajaye-jajayen awaki na tsallaka titi, iskar da ke shigowa ta taga kamar daga bakin tanderu. Shuni, Kwannawa, sai ga gari. Kilomita fiye da 450, awa goma cif. Ɗan kabu-kabu ya ɗora akwatina a kan tanki ya kai ni gida kafin a kira magariba.

Inna ba ta ce mini komai ba sai "Ka rame," alhali na ƙara kilo takwas. Ta dama fura da nono a ƙwarya, na shanye a tsugune. Baba na zaune bisa buzu a zaure. Na durƙusa na gaishe shi, ya riƙe hannuna na dama bai saki ba. Ya bi tafin da babban yatsansa, ya taɓa gefen manuniya inda zare kan yi wa baduku kanta. Ya ce, "Hannunka ya yi taushi." Shi ke nan. Ya tambayi jikokinsa, ya tambayi hanya, ya yi wa Yaya faɗan barina na biyo mota, duk da ba laifinsa ba ne. Na kwanta a tsakar gida saboda zafi, ina kallon taurari, ina murza yatsana.

Ranar Arfa muka shiga Kara ni da Yaya. Raguna sun yi tsada, dillalai na cewa tun da Nijar ta hana fitar da dabbobi a watan Mayu abin da ke shigowa ta Illela ya ragu. Yaya ya ce in tsaya nesa kada in buɗe baki, wai takalmina kaɗai zai ƙara wa rago dubu hamsin. Bai yi aiki ba. Wani dillali ya ƙwala mini kira da sunan gidanmu, ya ce, "Ɗan Ingila, yaushe gari?" Muka sayi matsakaicin rago dubu ɗari biyu da tamanin, Yaya na ta mita har gida.

Juma'a aka yi Sallah. Mun yi Idi a Fakon Idi, muka dawo aka yanka, aka feɗe, aka buɗe ragunan unguwa aka soke su a itace, aka jera su kewaye da wuta. Tareni ke nan, wanda bai taɓa Sallah a Sakkwato ba sai ya gani zai gane. Wuni guda naman na shan zafin wuta daga nesa, kitse na ɗiga, hayaƙi ya rufe lungu, ba a taɓa shi sai washegari a yi rabo. A Birmingham ma muna Idi, a filin Small Heath, jama'a dubbai, Larabawa da 'yan Pakistan da Somaliyawa da mu. Amma layya a can biya kake yi wa mahauci, bayan kwana ɗaya ko biyu ka je ka karɓi nama a leda da lamba a jiki. Shekarar farko na tambayi mahaucin ina fatar ragona. Ya dube ni kamar na tambaye shi ina ran ragon. A nan kuwa tun kafin la'asar yaran Yaya sun bi gida-gida da baro, fatu sun taru a ƙofar gidanmu, ana barbaɗa gishiri. Na tuɓe babbar riga na shiga cikinsu. Inna ta leƙo ta ce, "Likita, kayan Sallarka!" Ban ji ta ba.

Bayan Sallah da kwana uku na je majema. Warin ya tare ni tun daga bakin lungu, wari ne da baƙo kan toshe hanci, ni kuwa sai da idona ya kawo ruwa. Aikin na nan yadda na bar shi. A jiƙa fata a ruwan toka har gashi ya saki, a kankare, a wanke, a tsoma ta a ruwan bagaruwa da aka daka, a yi ta juyawa ana murzawa har ta jemu, a shanya, a shafa mai, a buga ta ta yi laushi. Sannan rini: karan dafi ya ba da ja, kuloko ya ba da baƙi, gangamau ya ba da rawaya. Wani tsohon majemi abokin Baba ya ɗauko fatar jar akuya ya miƙo mini, bai ce komai ba, jarrabawa ce. Na naɗe ta a hannu na saki, na duba bayanta a rana, na nuna masa inda wuƙar mai fiɗa ta ci. Ya ce, "Ido bai mutu ba."

Wannan fata ta jar akuyar Sakkwato ita ce ayari kan ƙetare Sahara da ita tun zamanin da, ta isa Turai ta hannun 'yan kasuwar Arewacin Afirka, Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko. Har gobe masu yi wa littattafai bango a Ingila na neman fatar akuyar Najeriya saboda ƙarfinta da kyan idonta. Akwai wani gari kusa da mu, Walsall, garin masu sirdi da linzami ne, suna da gidan tarihin fata. Ranar hutu nakan hau bas in je in tsaya ina kallon kayan aikinsu a cikin gilashi, wuƙaƙe da basillu kusan irin namu. A can na fara jin haushin abin da na sani tun ina yaro ban damu ba: mafi kyan fatunmu ɗanyu ake lodawa zuwa kamfanonin jima na Kano, daga can su wuce Italiya da Sifen, su koma jaka da takalmi da sunan wasu. Na taɓa tambayar kuɗin fatar akuya ɗaya jemammiya a wani shagon Ingila, abin da aka faɗa mini zai sayi fiye da goma a wannan lungu da nake tsaye. Tun ranar nake zane-zane a bayan takardun aiki: jakar kwamfuta da ɗinkin zabira, gafaka mai zip, tim-tim da za a iya naɗewa a aika ta jirgi. Ina da littafi guda cike da su. Na zo da shi.

Kwana biyar na yi a rumfa, daga hantsi zuwa la'asar. Ranar farko basilla ta huda mini yatsa sau biyu, ɗan ƙanwata mai shekara goma sha shida da ke koyo wurin Baba ya juya kai yana danne dariya. Rana ta uku hannu ya fara tunawa. Ban san yadda zan kwatanta wa wanda bai yi sana'ar hannu ba. A asibiti ina aiki da agogo a ƙirji, awa goma sha biyu da rabi, kowane abu sai an rubuta, kuma ba na raina aikin, na ga mutanen da suka tashi a hannuna. Amma ban taɓa mantawa da lokaci a can ba. A rumfa kuwa sai in ji kiran azahar in rantse yanzu na zauna. Maƙwabta na leƙowa, ana shan fura, ana gardamar siyasa, Baba na gefe yana shafa ɗinkina da yatsa yana cewa, "Nan ka yi gaggawa." A ranar na ce a raina na dawo, a kawo takardar ajiye aiki in sa hannu.

Daren nan Yaya ya kira ni ɗakinsa ya ɗauko wani littafin makaranta mai layi. Ya ce, "Kahin ka yanke magana, duba wanga." Lissafin rumfa ne na shekara biyu. Ciniki na zuwa ne da Sallah, lokacin da masu dawaki ke gyaran kayan hawa, sai 'yan biki, sai wani ɗan kasuwa daga Abuja da kan ɗauki tim-tim bashi. Turawa masu yawon buɗe ido da Baba kan ba mu labarinsu sun daina zuwa tun tuni. Takalmin roba da jakar Chana sun cinye kasuwar talaka. Kuɗin mota ya ninka tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023. A kowane shafi, can ƙasa, akwai layi ɗaya da Yaya ya rubuta da jan biro: abin da na aiko. Fam ɗari biyu a wata. Da shi ake sayen fata, da shi ake sayen maganin Baba, da shi yaron ke cin abincin rana. Wata goma sha tara cikin ashirin da huɗu, in ka cire jan layin, rumfa faɗuwa ta yi.

Yaya ya ce, "Ka gani? Rumfar da kaka son dawowa dominta, kai ad da riƙe da ita daga can. In ka dawo, wa za ya aiko muna?" Na ce in na dawo zan canja salon aiki, in sayar ta intanet, in nemi masu saye a waje. Ya ce, "Awo. Da wace wuta? Wace hanya? Wadda kab biyo?" Ba gardama yake yi ba, shi ma so yake in dawo, na gani a fuskarsa. Mai ɗaki ne kawai yake nuna mini inda ke yoyo.

Akwai kuma abin da ban faɗa wa dattijon albasa ba. 'Yata ta fari tana da sikila. A Ingila maganinta kyauta ne, tana shan na kariya kullum, kowace shekara ana duba jijiyoyin kanta da na'ura don gudun shanyewar jiki, in ciwo ya tashi cikin dare waya ɗaya zan buga. Najeriya ce ƙasar da aka fi haihuwar masu sikila a duniya, kuma na yi aiki a ɗakin yara a nan kafin in tafi, na san abin da uba ke shiga in ana neman jini ƙarfe biyun dare. Na leƙa tsohon wurin aikina in gai da abokai. Cikin mu bakwai da muka fara tare, biyu na tarar. Ɗaya na Saudiyya, biyu na Ingila, ɗaya ya koma kasuwanci, ni ne na biyar. Waɗanda suka rage suna aikin mutum biyar-biyar, kuma ba su yi mini gori ba, sai tambaya suke yadda ake rubuta jarrabawar fita. Da gori suka yi da ya fi mini sauƙi.

Sannan ga takarda. A ƙa'idar da na shiga da ita, shekara biyar kana aiki ka nemi izinin zama na dindindin, muddin ba ka yi fiye da kwana 180 a waje cikin wata goma sha biyu ba. Tawa za ta cika a Satumban 2026. Amma a watan Mayun 2025 gwamnatin Birtaniya ta fito da shawarar mayar da shi shekara goma, kowa a cikinmu ya shiga zulumi. Mutane a gida na ganin wanda ke waje ya taka dutse. Ba su san haya na cin kusan rabin albashi ba, ba su san duhun ƙarfe huɗun yamma na hunturu ba, ba su san zamanka duka na rataye da takardar da wasu ke iya canja wa doka kana barci ba. Duk da haka ba zan yi ƙarya ba: a can ban taɓa karanta Hasbunallahu don zan wuce wani gari ba.

Ana jibi zan tafi na raka Baba Hubbaren Shehu, ya ce ya daɗe bai je ba. Muka yi ziyara muka fito, muka zauna a inuwa yana hutawa. A nan na yi niyyar buɗe maganar, sai ya riga ni. Ya ba ni labarin kakana, wanda ya tafi Makka a ƙasa, ya yi shekara bakwai bai dawo ba, yana tsayawa garuruwan Chadi da Sudan yana ɗinka kube da takalmi ya sami guzuri ya ƙara gaba. Ya ce, "Har an yi mai sadakar arba'in, sai ga shi. Ni ban ce ka dawo ba. Tambaya niy yi." Na ce, "Baba, ni ma ban sani ba." Ya ce, "To kak ka yi ƙarya ka ce ka sani." Da muka koma gida ya sa yaron ya ɗauko basillarsa, mai ƙotar da ta yi baƙi ta yi santsi saboda shekaru, ya ce in sa a kaya.

Na karɓa da hannu biyu, amma ban yaudari kaina ba. Kakana da basilla ya tafi, ya kuma tarar da majema da rana da bagaruwa a duk inda ya sauka. Basilla na shiga akwati. Rumfa ba ta shiga, lungun majema ba ya shiga, dattijon da zai shafa ɗinkinka ya ce ka yi gaggawa ba ya shiga. Abin da muka tsayar ni da Yaya ƙarami ne: ba za a ba da hayar rumfa ba sai bayan Sallar baɗi, yaron zai ci gaba da zama, zan ƙara fam hamsin a kan abin da nake aikowa, na kuma bar masa littafin zanena ya gwada jaka uku. Hannunsa ya fi nawa a shekarunsa, Baba ma ya faɗa, a bayan idonsa.

Komawa ta jirgi na yi daga filin Sultan Abubakar III, naira dubu ɗari da sittin. Abin da ya ci mini kwana biyu a zuwa, awa ɗaya ya ci. Inna ta cika mini roba da soyayyen naman layya da kilishi, na yi mata bayani sau uku cewa ba a shiga Ingila da nama, ta ce in ce musu na Sallah ne. A filin jirgin Abuja na ci abin da zan iya, na raba sauran ga masu shara. Fata uku jemammu, ja biyu da baƙa ɗaya, su suka wuce tare da basilla a cikin babban akwati.

Yau wata biyu da dawowata. Na fara ɗinka wa 'yata gafaka a kan teburin kicin, ba na buga guduma sai maƙwabcinmu na ƙasa ya fita aiki. Yarinyar ta ce fatar na wari, bayan kwana biyu na same ta ta tura hanci a ciki. Maiɗakina ba ta sake tambayata ba, amma na ga ta ɗauki hoton ɗinkin ta aika wa 'yan'uwanta. Ɗazu da la'asar saƙon Yaya ya shigo: an yi ruwa mai yawa, gero ya yi kyau, yaron ya gama jaka ɗaya amma zip ɗin ya karkace, kuma mai kayan wayar ya dawo ya ƙara kuɗin haya. Na saurara sau biyu. Ƙarfe bakwai da rabi zan karɓi aikin dare, gafakar saura marfi.